Katangar Rafin Ƙirya

Wangsa Maju, Kuala Lumpur

Zuwa ga Luka, Babana,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji wanda ya ba mu kai, ya kuma raya ka har ka kai yau. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a jirgi ka buɗe ta, ko sai ka sauka. Ya tsare hanyarka sama da ƙasa.

Abin dariya ne uba ya rubuta wa ɗansa wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninsu. Ina jin ka kana jan akwati, ina jin mamarka tana cewa ka rage takalma ka ƙara magani. Amma tunda gwaji ya nuna ina ɗauke da korona, likita ya ce in killace kaina a ɗaki, ba ni da halin in zauna kusa da kai, balle in raka ka filin jirgi. Jikina da sauƙi, kada ka tafi da damuwa. Tarin ya lafa, sai dai har yanzu ba na jin ƙanshin komai, ko na miyar mamarka. Maganar da nake so mu yi kuma ba ta bayan ƙofa ba ce. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ka yi tuntuɓe a wasu wurare, ka ɓata fuska ka ce, irin maganar 'yan Malesiya, "Baba, da wuya lah." Daure ka bi a hankali. Inda za ka, da harshen nan ake gaisuwa, da shi ake faɗa, da shi ake sulhu.

Ranar da ka gaya mana ka rubuta wa Fada Yohanna, wanda ke riƙe da makarantar kwana ta Rafin Ƙirya yanzu, cewa za ka je ka koyar da kimiyya, na kasa cin abinci don murna. Ɗana, wanda ya girma tsakanin jirgin ƙasan LRT da shagon shayi na mamak, zai koma makarantar da ta yi ni! Sai ka ƙara da cewa, "Amma zan ce musu Malam Luka kawai. Ba sai na ambaci sunanka ba, don kada a sami matsala." Na yi dariya a lokacin. Dariyar ba ta kai ciki ba.

Ka ji ƙishin-ƙishin cewa ban rabu da mutanen garinmu lafiya ba, amma ba ka san abin da ya faru ba, domin ban taɓa gaya maka ba. Ka kuma san Bishop ya ce bayan girbin bana za a zauna da mutanen gari a zauren mai unguwa. In gari ya ce zai tsaya wa makarantar, za ta ci gaba. In ya ce a'a, za a rufe ta, a kwashe sauran yaran a kai birni. Za ka zauna a wannan zauren. Bai kamata ka zauna a makance ba.

Bari in fara daga tushe.

Tun kafin a haife ni, wani Fada Bature ya riƙa zuwa Rafin Ƙirya a kan keke. Sunansa ya gagari bakin mutanenmu, sai suka sa masa Fada Mai Keke, shi ma har ya mutu da wannan sunan yake amsawa. Ya ce yana son ya yi makaranta inda yara maza za su kwana su yi karatu, domin ƙauyukan da nisa, kuma da damina rafi yakan raba su. Ba shi da fili, ba shi da ma'aikata. Mai unguwa na lokacin, mahaifin Malam Sale wanda ke riƙe da unguwar yanzu, Musulmi ne, shi ya ba da tudun da makarantar take. Kiristocin garin ba su da yawa. Da su, da Musulmi, da masu bin gargajiya, duka suka fito gayya suka buga tubali. Kakanka Luka, wanda ka ci sunansa, yana saurayi a lokacin, shi ne mai kwaɓa ƙasa. Har ya tsufa, in ya wuce ta gaban ajin farko, sai ya daki bangon da tafin hannu ya ce, "Ƙafata tana cikin nan."

Ba a rubuta yarjejeniya ba. A bakin rijiyar da suka haƙa tare aka yi magana, aka raba goro, shi ke nan. Ga abin da aka ƙulla: da kaka, kowane gida zai kawo wa makaranta dami ɗaya na dawa. Ana kiransa damin Fada. Su kuma 'yan makaranta, duk Asabar da damina, za su fita da fartanya su yi noma a gonakin tsofaffi da gwauraye da duk wanda ciwo ya kwantar. Rijiya ta kowa ce. Hanyar kasuwa kuma, wadda ta ratsa tsakanin coci da ɗakunan kwana, tana nan a buɗe.

Da wannan dawar aka ciyar da ni. Kakanka ba shi da abin da zai kai ni makarantar birni. Na shiga makarantar Fada da wando ɗaya da tabarma. Ina tuna ranar kawo dami kamar jiya: mata a jere tun daga rafi, dami a kai, ana guɗa, mu kuma muna karɓa muna jerawa a rumbu, kuku yana tsaye yana yi wa kowace mace kirari. Ina tuna muna cikin aji ana koya mana lissafi, sai ka ji muryar mace ta taga, tana wucewa kasuwa: "Bitrus, ka wanke wuyanka kuwa?" Ajin ya fashe da dariya, malam ma ya yi. A lokacin ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Yau da zan sake jin wannan muryar, da na ba da digirina duka.

Ina makarantar ne gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Fada Mai Keke ya koma ƙasarsu, aka canja wa makarantar suna, aka turo shugabanni daga nesa, wasu ko gaisuwar garin ba su iya ba. Rufin kwano ya yi tsatsa, littattafai suka ƙare. Amma dami bai fasa zuwa ba, gayyar Asabar ba ta tsaya ba. Mutane suka ce su da yara suka yi alkawari, ba da mai hatimi ba. Ka riƙe wannan: abin da gwamnati ba ta kashe ba, da duk sakacinta, ni ɗan gari na kashe shi da ƙwazona.

Bayan shekaru aka mayar wa coci makarantar. Na gama jami'a, na koyar a birni, sai Bishop na lokacin ya kira ni ya ce in je in tayar da ita. Na tafi da zumuɗi irin wanda nake gani a idonka yanzu. Ina son makarantar, Babana. Kada wani ya ce maka ban so ta ba. Son nan ne ma ya rufe min ido.

Kuskurena na farko gayyar Asabar ce. Na ga sakamakon jarrabawa ya lalace. Na ga iyayen da ke kawo yara daga birni suna ƙorafi cewa 'ya'yansu na komawa hutu da kanta a hannu. Wata uwa ta kama tafin ɗanta ta nuna min a ofis, ta ce, "Likita na kawo a yi min, ba manomi ba." Sai na mayar da Asabar ranar ƙarin darasi. Ban tambayi kowa ba. Na sanar a taron safe, yara suka yi tafi, na ɗauka na yi abin kirki. Sakamako kuwa ya gyaru, ba zan ɓoye ba. Amma a daminar nan gonar wata tsohuwa, makauniya, da ke bayan cocinmu, ciyawa ta cinye ta ƙurmus. Tun ina yaro 'yan makaranta ke nome mata. Ta zauna tana jira, Asabar bayan Asabar, domin babu wanda ya je ya gaya mata an daina.

Don haka ga shawarata ta farko. Za ka tarar da abubuwa a can da za su yi maka kama da ɓata lokaci. Gaisuwa mai tsawo, zaman makoki na kwanaki, yaro ya bar aji don an aike shi. Kafin ka cire wani abu, ka nemi wanda ya dasa shi, ko ɗansa, ka tambaye shi me yake riƙe da shi. In ka ji amsar kuma har yanzu kana ganin a cire, to ka je da ƙafarka ka gaya wa wanda abin zai shafa. Sanarwa a taron safe ba ta isa kunnen makauniya.

Kuskure na biyu shi ne katanga. An yi mana sata, an kwashe katifu da tukwanen kicin lokacin hutu. Awaki suna shiga har cikin aji. Masu duba makarantu suka zo suka ce makarantar kwana ba ta zama a fili kamar kasuwa. Duk gaskiya ne. Na bi tsofaffin ɗalibai gida gida har aka haɗa abin yin aikin, na kawo magina daga birni, aka zagaye makarantar da bulo, aka kafa fasassun kwalabe a sama, aka sa ƙofar ƙarfe ɗaya tana kallon titin mota, wato tana ba gari baya. Rijiya ta faɗa ciki. Hanyar kasuwa ta mutu, sai an zagaya ta bakin rafi. Na ce mata za su iya shigowa ɗiban ruwa da safe in maigadi ya buɗe. A ganina na yi adalci.

Ranar da aka gama, na ɗauko kakanka don ya gani. Ina ta bayani, ina nuna masa tsayinta. Ya bi ta da kallo, ya taɓa bulon, ya ce, "Aiki ya yi kyau, Bitrus. Siminti bai yi ƙaranci ba." Ya juya ya dubi gari. Can ya ce, "To mu ta ina?"

Na ce, "Baba, ai ga ƙofa can."

Ya ce, "Wannan ta masu mota ce."

Na yi dariya, na ce tsufa ne. Na ce a raina abin da ɗan boko ya hango, tsoho ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ka ga yadda na kifa karin maganar manya.

Ban ce katanga haramun ce ba. Yanzu ma da zaman lafiya ya yi wuya a ƙasarmu, babu mai hankalin da zai ce a bar yara a fili. Amma da na zauna da Malam Sale, abokin wasana tun muna kiwon awaki, da ya nuna min inda za a ja ta rijiya ta zauna a waje, da inda za a bar ƙaramar ƙofa ta gari. Rabin yini ya isa wannan zaman. Ban yi ba, domin na san zai kawo gyara, ni kuma na riga na zana abina a takarda, ya yi min kyau. In ka ga kana gudun tambayar mutum don kada ya ɓata maka tsari, to shi ne mutumin da ya kamata ka fara tambaya.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna nakan ajiye cokali. Duk da gayya ta tsaya, duk da katanga, da kaka ta zo sai ga mata da dami. Ban yi tsammaninsu ba. Na riga na ba wani ɗan kwangila aikin kawo shinkafa da wake, domin yaran birni ba sa son tuwon dawa. A ranar kuma ina da baƙi, masu duba makarantu, muna zagayawa ina nuna musu ɗakin gwaje-gwaje. Maigadin sabo ne, ba ɗan gari ba. Ya leƙo ta ƙaramar taga ya ce wa matan, "Wa kuke nema?"

Yayata Ladi, gwaggonka, ita ce a gaba. Ta ce, "Wa muke nema? Ɗan nan, mun kawo damin Fada."

Ya ce babu wani Fada da ya bar masa saƙo, su jira. Ya zo ya raɗa min a kunne. Na ce, "Ce musu su ajiye, ina zuwa."

Ban zo ba. Baƙi suka ci abinci, na raka su mota ta ƙofar, na ga damman a jingine da katanga, matan sun gaji da tsayuwa a rana sun tafi. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaye ni, "Wannan fa?" Na ce, "Wata tsohuwar al'ada ce ta mutanen ƙauye." Haka na ce, Babana. Mutanen ƙauye. Kamar ba dawar nan ce ta zama ƙashin bayana ba. Na yi niyyar in sa a shigar da su washegari, sai wani aiki ya taso, sai wani. Awaki suka fara, kaji suka ƙarasa. Duk wanda ya bi hanyar rafi ya gani.

Da kaka ta zagayo, ko zangarniya ɗaya ba a kawo ba. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya kai ƙarata. In na gaishe su suna amsawa, "Lafiya lau, Firinsifal." Mutanen da suka yi min wanka ina jariri, su ke ce min Firinsifal.

Abin da zan gaya maka a nan gajere ne. In an kawo maka abu, ko ƙwai biyu ne a cikin ƙoƙo, ka tashi tsaye ka karɓa da hannu biyu, ko wa kake tare da shi. Baƙon da ya zo da mota zai koma da motarsa. Mai ƙoƙo tana nan gobe, tana nan jibi.

Na huɗu ya fi sauran tsawo, domin shekaru na yi ina yin sa. Na gane na yi kuskure tun ba a je ko'ina ba. Yaran gari suka daina shiga makarantar, iyayensu suka gwammace ta gwamnati mai nisa. Aka sake yi mana sata, ta kan katangar, babu wanda ya ce ya ga kowa. A da kuwa baƙon fuska ba ya kai wa bakin rijiya sai an tambaye shi ɗan gidan wa ne. Na sani sarai abin da ya kamata in yi: in cire takalmi a ƙofar zauren mai unguwa in ce na yi laifi. Kullum sai in ce bari sakamakon bana ya fito tukuna, su ga amfanin abin da na yi. Ina so in ba da haƙuri ina mai nasara. Ba a yin haka. Da damar ƙaro karatu a Malesiya ta samu, na karɓe ta hannu bibbiyu, na gaya wa kowa don ci gaba ne. Gudu ne. Kana ƙarami lokacin, kana riƙe da zanen mamarka a filin jirgi.

Kakanka ya rasu muna nan. Ka san wannan. Abin da ba ka sani ba shi ne, makabartar Kiristocin garin tana bayan coci, ita ma katangata ta haɗiye ta. Da ciwo ya tsananta, ya ce wa Ladi kada a kai shi inda sai maigadi ya yarda 'ya'yansa za su gan shi. A gefen gonarsa aka binne shi, ƙarƙashin ɗorawa. Mutumin da ya kwaɓa ƙasar makarantar da ƙafarsa. Na je bayan an yi kwanaki, na tsaya a kan kabarin, na koma birni a ranar. Ko a lokacin ban shiga zauren ba.

Kada ka jira sai kana da gaskiya a wani wuri kafin ka amsa laifi a wani. Haƙurin da aka ba da yau da kunya ya fi wanda aka tanada don ranar da ta dace. Ranar ba ta zuwa.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru. Bara, da aka rufe makarantu a gida saboda cutar nan, aka kuma hana tafiya daga jiha zuwa jiha, wasu yara 'yan nesa sun maƙale a makarantar tare da Fada Yohanna. Ɗan kwangila ya daina zuwa. Abin da ke sito ya ƙare. Fada yaro ne, baƙo, an gaya masa tun zuwansa cewa gari ba ya shiri da makaranta, sai kunya ta hana shi fita roƙo. Gari kuma ya ɗauka kowa ya tafi, domin wa ke ganin cikin katanga? Gwaggonka ce ta lura. Ta ce tana jin ana kaɗa ƙararrawar addu'a safe da yamma, amma ba ta ganin hayaƙin kicin. Ta ce wa matan gidansu, inda ake addu'a ba a girki, akwai magana.

Ta kira ni a waya. Ka san ni da ita sai gaisuwar Kirsimeti, ita ma a tsaitsaye. Ina zaune a falon nan, na ga sunanta, na ɗauka rasuwa ce. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Bitrus, akwai yara a cikin katangarka, suna jin yunwa."

Na ce, "Yaya, ai ni na bar makarantar tun..."

"Ka bar ta, ka tafi da katangar ne? Mun kai tuwo. Ta ƙofar masu mota muka zagaya, da ƙafafun nan nawa. Matan gidan Malam Sale ma sun kai kunu. Na kira ne don kada ka ji a bakin wani ka ɗauka mun huce. Don yara muka yi."

Ta kashe wayar.

A daidai wannan lokacin mu ma muna cikin kulle a nan. Ka tuna yadda muka riƙa yin tapau, wato ƙunshin shinkafa, muna kai wa ɗalibanmu 'yan gida a unguwannin Taman Melati da Cheras, waɗanda iyayensu suka kasa aiko musu da komai? Ka tuna da maƙwabta suka fara rataya farin ƙyalle a taga in abinci ya ƙare musu, namu yaran suka ƙi, wai kada a raina su? Sai da na riƙa bin su ɗaki ɗaki ina buɗe tukunya da kaina. Suna ce min Baban Ɗalibai, suna sa min albarka, abokan aikina a kwaleji suna yaba min. Ni kuwa duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, muryar Ladi nake ji. Shekara da shekaru ina zaunar da 'ya'yan mutane a ofis ina koya musu yadda ake zama da jama'a a baƙuwar ƙasa. Ban iya zama da tawa jama'ar ba.

Na ga abin da ka cika akwati da shi: kwamfuta, fitilun sola, zanen rijiyar burtsatse da kake son tsofaffin ɗalibai su haƙa. Ka nuna min ta ƙarƙashin ƙofa kana cewa, "Boleh, zai yiwu, Baba, wata shida an gama." Na yarda za ka iya, ka fi ni ilimin wannan. Amma na duba zanen, na ga inda ka sa famfon: tsakiyar makaranta, kusa da kicin. Nan ni ma da zan sa shi. Ka ninke zanen ka ajiye a ƙasan akwati. Kada ka fito da shi sai wani ɗan gari ya tambaye ka me kake gani za a yi, in ya tambaya kuma, ka miƙa masa fensir.

Sauran ƙananan abubuwa. Ka sa takunkuminka a mota da cikin taro, ko an yi maka dariya, kada ka kai wa tsofaffi abin da ya kwantar da ni. Amma ka cire hula da takalmi inda ake cirewa, ka durƙusa in za ka gai da manya. Kada ka gyara wa kowa Turanci in ba a aji ba. In sun yi dariyar Hausarka, ka taya su, dariyar nan ƙofa ce. Ka sauka gidan gwaggonka kafin ka shiga makaranta. Za ta yi maka faɗan da ni ya kamata ta yi wa, ka sunkuyar da kai ka sha, in ta gama za ta ba ka tuwo. Ka ce ta kai ka ɗorawar.

Sai maganar suna. Ko ka so ɓoyewa ba zai yiwu ba, da goshin kakanka kake yawo, tun daga tasha za a gane ka. Amma ba don haka nake roƙonka ba. In ka shiga a matsayin Malam Luka kawai, za su karɓe ka kamar yadda suke karɓar kowane baƙon malami: da fara'a, daga nesa. Za a yi zaman, kowa ya yi magana mai daɗi, a tashi, a rufe makarantar. Ciwon da ba a buɗe ba ba ya warkewa. Mutanen nan ba su ƙi makaranta ba. Suna jira ne wani ya ce an yi musu ba daidai ba, kuma wanda ya kamata ya faɗa ya tsere ƙetaren teku.

Na so in faɗa da bakina. Na yi niyyar mu tafi tare, ciwon nan ya hana, kuma ko na warke, in na fita ba lallai a bar ni in dawo bakin aikina ba yadda iyakoki suke yanzu. Na kira Malam Sale a waya, ya gaishe ni da mutunci, da na fara magana ya ce, "Bitrus, wannan ba zancen waya ba ne. Zumunci a ƙafa yake." Gaskiyarsa. Kai ne ƙafata yanzu. Na san kaya ne na ɗora maka wanda ba kai ka ɗaure ba, ka yafe min wannan ma.

Ga abin da za ka ce, ba ƙari ba ragi: "Bitrus ɗan Luka ya aiko ni. Ya ce shi ya tsayar da gayya, shi ya rufe rijiya, shi ya bar dami a rana. Ya ce bai da hujja. Yana neman gafara." Kada ka kare ni. In wani ya ce ai sakamako ya yi kyau a zamanina, kada ka kama wannan igiyar. Kada kuma ka haɗa neman gafarar da roƙon a ceci makaranta, kamar ciniki. Ka faɗa, ka yi shiru. In bayan haka suka ce a rufe, kada ka yi musu. Su suka gina ta, suna da ikon su ce ta isa. Zai yi min ciwo har in mutu, amma ba zalunci ba ne.

Abu na ƙarshe. A garinmu, baƙo in ya shiga zaure, ruwa ake fara kawo masa kafin a tambaye shi ko shi wane ne. Kai kada ka bari ruwan ya riga ka. Tun kana bakin ƙofa, da ka yi sallama aka amsa, ka faɗi sunanka da nawa, don kada ka sha ruwan da aka ɗebo wa wani. In sun ji, aka yi shiru, ka tsaya a inda kake, kada ka cika shirun da surutu. In Malam Sale ya juya ya ce a kawo wa yaron nan ruwa, to mamarka ta ce kada ka sha komai sai na roba, na ji ta, kuma a ko'ina ka bi maganarta. Wannan ɗaya dai ka karɓa da hannu biyu, ka shanye.

Allah ya kai ka lafiya, Babana. Ya tsare ka daga cuta da mugun ji da mugun gani, ya kiyaye ka a hanyar da ba a bin ta da yamma, ya sa ka a bakin mutanen kirki. Uwa Maryamu ta yi maka addu'a. Ya ba ka kunnen da ban yi amfani da shi ba, ya sassauta zukatan da na ɓata. In ka isa, ka kira mamarka tukuna, ni zan iya jira.

Mahaifinka mai ƙaunarka,
Bitrus